Madam Fati, wadda ta zo mana ta'aziyyar mai rai

Labarin ya iske ni da safen nan ina ba tumaki dusa, kuma ban yarda da shi ba.

Rakiya ce, jikata, ta fito da gudu ba ko takalmi, waya a hannu. Ta ce, "Tsoho, sun ba ni. Bursun nan, tallafin karatun, sun ba ni."

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce saƙo ne ya shigo. Na ce ni ma saƙo ya taɓa shigo mini cewa na ci mota, har yau a ƙafa nake zuwa kasuwa. Na hana a yi guɗa, na hana a gaya wa maƙwabta. Na sa riga na tafi lise, makarantar sakandarensu. Shugaban makaranta ya nuna mini takardar da aka aiko masa. Na karanta sunan da kaina, na duba sunan uba, na duba garin haihuwa, don ba ita kaɗai ce Rakiya a Damargu ba.

Ita ce.

An ce da zan dawo na wuce mutane a ƙofar masallaci ban yi sallama ba, ina dariya ni kaɗai. Ku yafe mini.

Amma wannan rubutu ba na Rakiya ba ne. Na malamarta ne, Madam Fati. Tana raye, kada gaban kowa ya faɗi. Na lura a shafukan nan ba ma yabon mutum sai an binne shi, ni kuwa ina son nawa ya iske ta da kunnenta.

Waɗanda suka san ni a Tanut sun san ni da sayar da igiya da guga. Boko da furfura na koye shi, a makarantar manya ta bayan magariba, kuma Hausa kaɗai aka koya mana. Faransanci ba na jin sa. Shi ya sa duk takardar da aka rubuta da shi nake kallonta kamar baƙon da ya ƙi faɗin sunan ubansa.

Ga yadda abin ya faro.

Mamman, baban Rakiya, ɗana ne. Shi ke riƙe da dabbobinmu a daji wajen Tenhiya, har da na amana da mutane suka ba shi. Wanda ya san rijiyoyin can ya san zurfinsu. Mutum ɗaya ba ya shayarwa. Wani yana tsaye a baki yana karɓar guga, wani yana jan sa, bijimin da aka ɗaura wa igiyar, yana tafiya da shi har gugan ya fito. Kowane gida da lokacinsa. In lokacinka ya wuce, dabbobinka su kwana da ƙishirwa, ba wanda zai ba ka nasa da bazara.

Bazarar da Rakiya take ajin ƙarshe, igiya ta naɗe ƙafar Mamman, san ya firgita ya ja shi. Ƙashin cinya ya karye. Aka kawo shi gidana nan Tanut. Uwar yara ta tsaya a bakin rijiya, ƙannen duka ƙanana ne, ba mai jan sa.

Ni na ce Rakiya ta tafi ta ja san.

Ta dawo ana gab da bak, jarrabawar gama sakandare, ta rame, ta yi baƙi. Ta zauna jarrabawa ta faɗi. Ta maimaita ajin, bana ta ci da maki mai kyau. Sai aka ji wata ƙungiya tana ba ƴan mata bursun jami'a a Yamai. Ita kuwa ilimin duwatsu take so, da abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Na ce mata ga dutse nan ko'ina a Tanut kyauta. Ta ce, "Kai ma ga ka nan kyauta, wa ya ɗauka?"

Ba tare da bursun nan ba, ba mu da halin riƙe ta a Yamai. Wannan kowa a gidan ya sani, ba wanda ya faɗa.

Cikin takardun da suka nema akwai wasiƙa. An ce wadda ta taɓa maimaita aji ta bayyana dalili.

Na ce wannan ba aikin yara ba ne. Na tafi wurin wani mai rubuta wa mutane takardu, wanda ke zama da na'urarsa kusa da kasuwa. Ya tambayi sunan yarinya, ya tambayi sunan uba. Na buɗe baki zan ba shi labarin rijiya, ya ɗaga hannu.

"Sauran na sani, Alhaji."

Ban je Makka ba, amma ban gyara masa ba. Ya buga, ya miƙo mini. Na kai wa Rakiya. Ta karanta a tsaye, ta daɗe tana kallon takardar. Na ce yaya? Ta ce, "Faransancinsa mai kyau ne." Washegari ta kai makaranta, wurin malamar da aka ɗora wa tattara dosiye, wato takardun masu nema.

Wata rana bayan la'asar muna zaure, Mamman ya miƙe ƙafarsa yana tufka mini igiya, sai ga wata mata da dogon hijabi da ƙullin dabino da sukari. Ta yi sallama, Mamman ya amsa. Hausarta ta mutanen yamma ce. Ta durƙusa ta gaishe ni.

"Baba, ni ce Madam Fati ta lise. Yaya haƙuri?"

Na ce, "Haƙurin me, ƴar nan?"

"Na mahaifin Rakiya. Ba ni nake koyar da ajinsu ba, ban ji ba sai a takarda. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

Mamman ya ajiye igiya. Ya ce, "Amin, Madam. Yaushe aka ce na tafi?"

Ta dube shi, ta dube ni.

Ta ce, "Takarda ta ce bara da bazara."

Ya ce, "To an kusa. Jana'izar ta yi mutane?"

Ta rufe baki da gefen hijabi, kafaɗunta suna rawa. Mamman ya miƙa hannu ya ce tunda sadakarsa ce a ba shi dabinon ya ɗanɗana. Rakiya tana bayan ƙofa, na ji ta ruga cikin gida. Daga baya ta ce mini ta ga an rubuta babanta ya rasu tun ranar farko, kunyata ce ta hana ta magana, tunda ni na kawo.

Kowa ya yi dariya ban da ni.

Abin da na ce a raina shi ne: wace malama ce za ta bar gidanta ta sayi dabino saboda layi ɗaya a takarda? Wannan bincike ta zo. Ko dai ta kai ƙararmu, ko kuma irin mutanen proje ce, waɗanda ke zuwa su ɗauki hoton talaucinka su tafi, ba ka ƙara ganinsu.

Na koma wurin mai rubutu. Ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Kowa haka nake rubuta masa. Masu bursu ba sa ba mai uba." Madam kuwa ta ce a yage, a rubuta gaskiya. Na zama ina da masu ba ni shawara biyu, ban yarda da ko ɗaya ba.

Mamman ne ya raba gardama. Ya ce shi dai ba ya son ƴarsa ta yi karatu a kan kabarinsa yana zaune.

Na kafa sharaɗi. Na ce a gidana za a rubuta, a gabana, kuma da Hausa tukuna, in karanta da idona kafin a juya. Na zaci za ta ji haushi. Ta ce, "Daidai ne, Baba. Wanda za a faɗi maganar gidansa ya kamata ya ji abin da aka faɗa."

Wannan saurin yardar ma bai kwanta mini ba.

Ta riƙa zuwa bayan la'asar, ana cikin hutu, lokacin da sauran malamai duk sun tafi garuruwansu. Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Tambaya take yi, Rakiya ta rubuta. Ni kuma ina gefe a kan buzuna ina jin kowace kalma.

Na ce a fara da gaisuwa, yadda aka koya mana: a gaishe su, a gaishe da iyalinsu, a tambayi gajiya da ruwan sama. Ta ce mutanen nan wasiƙu tuli ne a gabansu, kafin su gama amsa gaisuwata sun gaji da jikata. Ta bar mini layin godiya guda a ƙarshe.

Ta tambayi Rakiya ko ta tafi da littattafai daji. Na yi wuf na ce a rubuta tana karatu da tocila bayan ta gama aiki. Madam ta juya wurin yarinyar.

"Kin yi?"

"Na tafi da su. Ban buɗe ba ko sau ɗaya. Ina kwantawa shi ke nan."

"To rubuta haka."

Na ce wannan ai tona asiri ne. Ta ce duk wanda ya taɓa wuni a rana zai gane, wanda bai taɓa ba kuma tocila ba za ta sa ya gane ba. Ta sa ta rubuta yadda ta koma aji ɗaya da ƙannen ƙawayenta, da yadda makinta ya tashi daga farkon shekara zuwa ƙarshe. Ba kuka, ba roƙo.

Na kai mata zabbi biyu gida. Ta ƙi karɓa. Na ce a raina ta raina su ne, rago take so. Na aika a gaya mata akwai ɗan rago. Ta ce a gaya mini, "In na karɓa, gobe Baba zai ce saye ya yi." Ban san wa ya ba ta labarin halina ba.

Ranar da aka zo tsakiyar wasiƙa na faɗi abin da ke cina. Na ce, "Madam, in suka karanta cewa mun cire ta daga aji saboda sa da guga, za su ce mutanen nan gobe ma cire ta za su yi. Su ba wata."

Ta ce, "Za ku cire ta?"

Na ce Allah ya kiyaye.

"Amin. Amma in bazara ta zo, wa zai ja san?"

Lokacin damina ce, dabbobi suna sha a tabki, ba wanda ya tuna da rijiya. Ƙafar Mamman ta ɗoru a karkace, ba zai ƙara bin sa ba. Ƙannen ba su kai ba. In an bar abin yadda yake, amsar tambayarta ita ce yarinyar da ke zaune da alƙalami a hannu.

Madam ta ce Rakiya ta bar fili a takardar. Ta ce a nan za a rubuta abin da gida ya shirya don kada a sake kiranta. Na ce a rubuta an shirya. Ta ce, "Me aka shirya, Baba? Faɗa mini ta rubuta." Ba abin da aka shirya. Ta naɗe tabarmarta ta ce in an samu a aika mata.

Lokacin rufe karɓar dosiye kuwa yana matsowa.

Na shiga motar kasuwa zuwa Belbeji, daga can na hau babur har inda dabbobinmu suke. Duk hanya tunani ɗaya nake: matar nan ta kore ni daji ne don lokaci ya ƙure ta saka tata. Kafin in tafi sai da na sa abokina Ajidan Lawali, tsohon jandarma, ya bincika mini ko tana da ƴa ko ƙanwa a cikin masu nema.

A can na zauna da Idi, ɗan ƙanena. Muka yi magana a gaban dattawan rijiya. Aka haɗa dabbobinmu da nasa, aka haɗa lokacin shayarwa, ya ɗauki jan sa a kansa, na ba shi karsana. Na amana kuwa muka mayar wa masu su. Wannan ya yi wa Mamman ciwo, don da su ake saninsa. Amma shi ya fara cewa a mayar.

Na dawo da ƙura har cikin kunne. Ajidan ya tarye ni ya ce Madam ba ta da kowa a garin nan sai kyanwa.

Aka cike filin. Na karanta ta Hausar daga sama har ƙasa, sau biyu. Rakiya ta juya ta Faransanci, Madam ta gyara mata. Ni kuma na karɓi duka biyun na ce zan sa musu albarka, na wuce gidan Ajidan. Yana karanta ta Faransanci yana mayarwa Hausa, ina bin tawa da yatsa. Ya ce ko a kotu bai ga irin wannan ba. Na ce ya ci gaba.

Ba a ƙara ba, ba a rage ba.

Ban ji kunyar yin haka ba, gobe ma zan yi. Maganar ta koma kunnenta, don Ajidan ba ya riƙe magana tun da ya ajiye kaki. Da muka haɗu ta ce, "Baba, yaya albarkar? An ce har gidan Ajidan ta kai." Ta yi dariya ta wuce.

Ranar aikawa rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke a unguwarmu. Da wayarta Madam ta yi ta yawo a rana, ita da Rakiya, har suka samu inda ya kama. Ita ce kuma ta gaya wa Mamman ya daina zama wuri ɗaya, ya riƙa taka ƙafar zuwa masallaci ko da sanda. Yau da kansa yake zuwa.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a tasha ce. Ana shirin komawa makaranta aka canza mata wurin aiki, aka tura ta can gabas. Na iske yaran mota suna ƙoƙarin ɗaure kayanta da wani tsumman igiya. Na koma rumfa na ɗauko sabuwa, tufkar Mamman. Ita kaɗai ce abin da ta taɓa karɓa a hannuna, shi ma don katifarta na shirin faɗowa ne.

Na ce bari in tambaya, tunda tafiya za ta yi.

"Madam, ke me kika samu a cikin abin nan?"

"Baba, har yanzu?"

"Har yanzu."

Ta gyara jakarta a cinya. Ta ce, "Ban samu ba tukuna. In an ba ta, ka kira ni, shi ne rabona. In ba a ba ta ba ma ka kira ni, akwai wasu wuraren da za mu gwada." Direba ya tada mota. Ta leƙo ta taga ta ce, "Ni ka kira. Ita kada ka kira ta da bazara."

Tun safe nake kiran lambarta, ba ta shiga. An ce inda aka kai ta sai an hau tudu ake samun rezo.

Kafin azahar mutum uku sun zo gidana, kowa ya ce shi ya sa baki a Yamai. Ɗaya ko sunan yarinyar bai riƙe daidai ba. Na ba su ruwa, na yi musu godiya, na raka su ƙofa.

Kuma kada wani ya ce na ce gaskiya ce ta sa aka ba ta. Ban sani ba. A takardar da na gani yau akwai sunan wata da na san wa ya buga mata wasiƙa, na kuma ga babanta jiya da lafiyarsa. Ba zan faɗi suna ba, Allah ya ba ta sa'a ita ma. Wataƙila maki suka duba. Wataƙila ba wanda ya karanta wasiƙun. Abin da na sani shi ne, duk wanda ya tsayar da Rakiya a Yamai ya tambaye ta abin da ta rubuta, za ta dube shi ta maimaita ba tare da ta tuna me aka ce ta ce ba.

Ɗazu ta kawo mini fura ta ce, "Maigidana, yanzu ka yarda?" Na ce sai na ga hotonta a cikin aji, kuma a nuna mini allon. Ta ce da ta san haka nake da ba ta aure ni ba. Kakarta ta ce ita ma haka ta ce, ga ta nan har yau. Daga nan na ce to a yi guɗar. Har yanzu ba su daina ba.

Saura abu ɗaya, kuma a gabanku nake son in faɗe shi. Abin da aka rubuta a filin nan na wasiƙa, da bakina aka rubuta shi. Bazara za ta zo. Igiya tana tsinkewa, sa yana mutuwa, Idi mutum ne, yana iya ciwo yana iya fushi. Ko me ya faru a rijiyar can, in dabbobin ne za su ƙare a sayar, ba mai ɗaga waya ya ce Rakiya ta zo. In kun ji na yi, ku same ni a rumfata ku karanta mini wannan da ƙarfi a gaban mutane.

Duk mai zuwa gabas, ko mai ɗan'uwa malami a can, ya taimaka ya isar wa Madam Fati cewa an ba yarinyar. Ya ce tsohon mai igiya na Tanut ne ya aiko, kuma ya duba da idonsa.

Ya Allah ka tsare wannan baiwa taka inda take. Ka ba ta lafiya, ka haɗa ta da maƙwabta na kirki, ka jiƙan magabatanta. Yadda ta tsaya wa ƴar wasu, ka tsayar mata da mai tsaya mata ranar da take bukata. Ka ba Rakiya ilimi mai amfani, ka dawo mana da ita lafiya. Ni kuma ka ba ni ikon cika abin da na ɗauka.

Wanda ya karanta har nan, ina roƙonsa ya sa su biyun a addu'arsa bayan salla, ya ce amin.